DA SANYIN SAFIYA AKE KAMA FARA: SHIRIN NEMAN TALLAFIN ƘARO ILIMI

Jawabin da aka gabatar ga ɗaliban manyan makarantu 'yan asalin Talata Mafara da Bakura da Maradun, a zaman da suka yi lokacin hutu a garin Talata Mafara.

   

An nemi mu yi magana a kan yadda ɗalibi zai shirya wa neman tallafin karatu mai zurfi, irin wanda ake fafatawa kafin a samu, wanda mu 'yan Arabiyya muka saba kira minha. Duk lokacin da aka ji wani ya dace da irin wannan, tambayar farko da ƙannenmu kan yi ita ce, "Malam, wa ya sani a can?" Ba mu ga laifinsu ba, domin abin da suka tashi suka gani ke nan a wurare da yawa. Amma haƙiƙa mafi yawan waɗannan guraben, mutanen da ke tantance su ba su san ubanka ba, ba su san garinku ba, takardunka kawai ke gabansu. Abin da ke kayar da yaranmu shi ne ba sa jin labarin gasar sai ana gab da rufe ƙofa, alhali kuwa abin da za a auna su da shi an fara rubuta shi tun ranar da suka shiga ajin farko na jami'a.

Ya kamata mu fara sanin inda aka kwana. A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da soke tallafin nan na yarjejeniya tsakanin ƙasashe, wanda ya daɗe yana kai ɗalibanmu Maroko da Aljeriya da Masar da Rasha da Sin. Tun farkon 2025 kuma asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu a ƙasashen waje. Ke nan ƙofofin da hukuma kan buɗe sun ragu, abin da ya saura galibinsa gasa ce tsakaninka da ɗan Legas da ɗan Ghana da ɗan Pakistan. Akwai Chevening da Commonwealth na Ingila, da DAAD na Jamus, da tallafin gwamnatin Turkiyya, da minhar jami'o'in Saudiyya, da ta Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, da Jami'ar Tarayyar Afirka wadda ke da cibiyar nazarin ruwa da makamashi a Tilimsan ta Aljeriya da wata cibiyar a Ibadan, da cibiyoyin lissafi na AIMS a Ghana da Senegal da Ruwanda. A gida kuma akwai asusun PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi.

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa tamu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa a ƙasar Zamfara har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi yana cikin 'yan ƙalilan ɗin da gwamnatin Jihar Arewa ta zaɓa ta tura Bakht al-Ruda ta Sudan a 1954. Abin lura shi ne, a da da yanzu, ba a ɗaukar ɗalibi sai an ga abin da ya riga ya karanta da wanda ya shaide shi. A da ana cewa ijaza, yau ana cewa takardar sakamako da wasiƙar shaida.

To mu fara da maki. A jami'o'inmu masu ma'aunin maki biyar, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, daraja ta biyu ta sama kuma daga 3.50. Tallafin Commonwealth na digiri na biyu yana neman daraja ta biyu ta sama, ko kuwa ta ƙasa tare da wata shaidar karatu ta gaba da digiri, kuma sauran ma galibi a nan suke ja layi. Yanzu ku ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi. A ce karatun shekara huɗu ne, kuma nauyin darussan kowace shekara ɗaya ne. Yaro ya shigo ajin farko yana murnar ya rabu da bulalar sakandare, ya gama shekara da 2.50. Kafin ya fita da 3.50, sai ya riƙa samun sama da 3.83 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Daraja ta ɗaya kuwa ta riga ta kuɓuce masa, domin ko da ya cinye maki biyar cif a duk darussan da suka saura, ba zai kai 4.50 ba. Wannan hukunci an yanke shi ne yaron yana ɗan shekara goma sha tara, bai ma taɓa jin sunan Commonwealth ba. Saboda haka duk wanda yake ajin farko ko na biyu a cikinku, a Jami'ar Jihar Zamfara da ke nan Mafara, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko ta Usmanu Danfodiyo, ko Zariya ko Kano, shi ne ya fi kowa buƙatar wannan jawabi.

'Yan'uwanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da na Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, hanyarku ta fi tsawo amma tana ɓullewa. Mai babbar difloma sau da yawa sai ya ƙara da diflomar gaba da digiri kafin a karɓe shi a digiri na biyu. Ku sa wannan shekarar cikin lissafinku tun yanzu.

Sai maganar takardu, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne muka fi ganin asara mai ban takaici. Mu mutane ne masu sakaci da suna. Yaro a takardar firamare sunansa Muhammadu Sani, a ta WAEC ya zama Sani Mohammed, a jami'a ya ƙara da Mafara ko Bakura a ƙarshe, a lambar NIN kuma an sa sunan kakansa. Ranar haihuwa ma haka: ɗaya a takardar asibiti in akwai, ɗaya a takardar rantsuwar kotu, wata kuma wadda mai shagon kwamfuta ya ga dama ya cika masa ranar rajistar JAMB. A wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa ya san shi. A wurin mai tantancewa a Landan ko Ankara kuwa mutum uku ne, kuma yana da dubban takardu a gabansa, ba zai tsaya warware wannan ƙulli ba. Gyaran suna ko ranar haihuwa yakan ci watanni, don haka a yi shi tun ana makaranta. A zaɓi suna ɗaya da rubutu ɗaya, a tsaya a kansa har abada. Fasfo kuma sai da NIN ake yin sa, kuma a watan Satumba na 2025 an mayar da kuɗin mai shafi 32 naira 100,000. Wanda ya san zai nema, ya fara tara wannan kuɗi da wuri.

Akwai kuma takardar da ke nuna makin kowane darasi daki-daki, wadda ake kira tiranskirif. Wannan mun ɗanɗana da kanmu. A shekarar da muka fara nema, mun rubuta duk abin da ake rubutawa, malamai sun shaide mu, sai muka je karɓar wannan takarda saura mako uku a rufe. Aka ce fayil ɗinmu yana wani ofis, wancan ofis ya ce mai sa hannu ya yi tafiya, aka kuma gano makin wani darasi na aji biyu ba a shigar da shi ba. Takarda ba ta fito ba sai bayan an rufe da wata biyu. Mun yi fushi a lokacin, amma da muka natsu sai muka ga rabin laifin namu ne, domin shekara guda muka yi da kammalawa ba mu nema ba. Ku nemi taku da zarar an fitar da sakamakon ƙarshe, kuma tun kuna makaranta ku riƙa duba makin kowane zango, in an yi kuskure a gyara malamin yana nan.

Shekaru ma abin lura ne. Turkiyya tana neman wanda bai kai shekara 30 ba a digiri na biyu, da wanda bai kai 35 ba a na uku. Ƙa'idar minhar Saudiyya ta yi kusa da haka: 25 ga digiri na farko, 30 ga na biyu, 35 ga na uku. DAAD a tsarinta na fannonin raya ƙasa tana son kada digirin ya wuce shekara shida da samu. Mu kuwa lokaci yana zube mana ta ƙofofi da yawa. Yajin aikin malaman jami'a ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022. A 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe a watan Fabrairu, an shiga kwalejin Bakura a Agusta, an kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun a farkon Satumba, aka rufe makarantu, aka katse layukan waya a jihar nan. Ba mu faɗi wannan don tayar da mikin da bai warke ba. Mun faɗa ne don ku gane cewa ɗan Zamfara yakan iso filin gasar ya girmi abokan takararsa, saboda haka ba shi da shekarar da zai yi wasa da ita bayan hidimar ƙasa yana cewa sai ya huta.

Yanzu harshe. Ya ku 'yan'uwanmu masu Arabiyya da nazarin addinin Musulunci, bari mu gaya wa kanmu gaskiya tunda duk gida ne. Da yawanmu mun ɗauki raunin Turanci kamar wani abin ado. Mutum ya iya i'irabin baiti mai wuya, amma ba zai iya rubuta shafi guda da Turanci yana bayanin abin da yake son bincikawa ba, sai ya taƙaita kansa ga Madina da Azhar, in bai samu ba shi ke nan. Alhali wanda ya haɗa Larabci mai ƙarfi da Turanci mai kyau da Hausa, yana riƙe da abin da jami'o'in duniya ke nema ba su samu. Jami'o'i da yawa suna neman sakamakon jarrabawar IELTS, galibi maki 6.5 ko sama, kuma sakamakon shekara biyu yake yi ya daina aiki, ga tsada. Ba a koyon harshe cikin wata guda. A riƙa karanta shafi biyu-uku kullum, a rubuta taƙaitawa, a kai wa wanda ya fi ka ya gyara, ko da ƙaninka ne. Ku kuma 'yan kimiyya kada ku yi dariya, mun ga rubutun wasunku.

Kowace irin gasa tana neman shaidar malamai biyu ko uku, abin da masu neman Madina suka sani da tazkiya. Kuskuren da ake yi shi ne a tafi neman mai babban muƙami wanda bai san ɗalibin ba, sai ya rubuta layi huɗu cewa yaron kirki ne mai ladabi. Wannan ba ta da nauyi ko kaɗan. Wasiƙar da ke aiki ita ce ta malamin da zai iya cewa, na koyar da shi darasi kaza, ya zo na biyu cikin ɗalibai kaza, na duba kundin bincikensa, ga abin da ya gano. Irin wannan shaida kuwa ba ta samuwa ga ɗalibin da ya shekara huɗu a kujerar baya, bai taɓa yin tambaya ba, bai taɓa sallama a ofishin malami ba. Ku bari malamanku su san ku da aiki. Idan lokaci ya yi, a ba su wata guda aƙalla, tare da bayanin abin da ake nema.

Bayan maki da takardu, za a tambaye ka abin da ka yi wa mutane. Chevening tana sharɗanta aikin shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, kuma ana lissafa aikin sa-kai. DAAD ma a tsarin da muka ambata tana neman shekara biyu na aiki. A nan yaranmu kan ce ba su yi komai ba, alhali sun yi. Wanda ya koyar da lissafi kyauta a Islamiyyar unguwa, wadda ta tara yaran 'yan gudun hijira tana koya musu karatu, wanda ya yi aikin rigakafi gida-gida, duk aiki ne. Abin da ya rage shi ne a rubuta: yaushe aka fara, yara nawa, me ya canza, wa zai shaida. Mun san tarbiyyarmu ta hana mutum yabon kansa, har wasu na tsoron kada ya zama riya. Amma faɗin gaskiyar abin da ka aikata ga wanda ya tambaye ka domin ya ba ka amana, bayani ne, kamar yadda magini kan nuna gidajen da ya gina.

Sa'an nan babbar tambaya: me kake son ka karanta, kuma don me? A nan ne muke ganin ɗan wannan yanki ya fi kowa abin faɗa, amma shi ne ya fi kowa raina abin da ke ƙofar gidansa. Ga madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, aka tsara ta shayar da kadada 23,000. An tashi garuruwa saboda ita, an zubar da jinin manoma a watan Afrilu na 1980 a kan maganar diyya, fadamun da ke ƙasa da ita sun rasa ambaliyar da suke noma da ita, na'urorin yayyafin da aka kafa kuma suka lalace. Wani Bature mai suna William Adams ya yi bincike a kan abin da madatsar ta jawo wa manoman da ke ƙasa da ita, daga baya ya zama farfesa a Kambirij. Björn Beckman, mutumin Suwidin da ya koyar a Zariya, ya yi rubutu a kan rikicin manoman. Har yau duk mai nazarin madatsun ruwa a Afirka yana cin karo da sunan Bakolori. To ina jikokin waɗanda aka tasa? Ɗalibin aikin gona ko injiniya ko tattalin arziki ko shari'a da ya tashi a Maradun ko Bakura, yana jin harshen manoman, ya san wace gona ce gishiri ya ci, ya san yadda ake rabon ruwa da rani, ya ji labarin diyya daga bakin kakarsa. Idan ya rubuta wannan a tsanake, ya nuna wane ilimi yake nema don ya dawo ya yi aiki da shi, takardarsa ba za ta yi kama da ta kowa ba.

Haka gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, fage ne ga mai kimiyyar sinadarai da likita da mai nazarin ƙasa. Mu kuma 'yan Arabiyya, ga littattafan da aka rubuta da hannu, na Larabci da na ajami, a cikin gafakokin gidajen malamai, gara tana ci. Murray Last ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da littattafan Waziri Junaidu, ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. A Jami'ar Boston ta Amurka, Farfesa Fallou Ngom, mutumin Senegal, ya jagoranci aikin tattara rubutun ajami har da na Hausa. Ɗakin Karatu na Birtaniya yana da shirin bayar da kuɗi don ceto tsofaffin takardu tun 2004. Waɗannan mutane sukan sha wahala kafin su karanta abin da ɗan makarantar zaure ke karantawa a zaune. Saboda haka kundin kammala digirinka, kada ka saya, kada ka kwafo na wani. Ka zaɓi matsala ta gaske a garinku ka yi ta da hannunka, domin shi ne abu na farko da za ka nuna a matsayin bincike.

Wannan ya kawo mu ga amana. Yanzu akwai masu sayar da rubutacciyar wasiƙar nema, akwai kuma manhajojin kwamfuta da ke rubuta wa mutum. Masu tantancewa suna bincikar satar rubutu, kuma ko ka tsallake wannan, akwai ganawa ta baki, inda za a ɗauko jimla guda daga takardarka a ce yi bayani. Ƙarya a nan haramun ce kafin ta zama wauta. Ku rubuta da kanku, ku ba mutum biyu su karanta su soke, ku sake. Kuma ku sani neman Chevening da Commonwealth da na Turkiyya kyauta ne. Duk wanda ya ce ku biya shi ya sama muku gurbi, ku riƙe kuɗinku.

Ga iyayenmu da masu hali muna da roƙo. Sau da yawa abin da ke tsakanin yaro mai daraja ta ɗaya da tallafin miliyoyi, kuɗin fasfo ne da na jarrabawar Turanci da na mota zuwa wurin ganawa. Wanda ya ɗauke wa yaro wannan ya yi babban aiki da kuɗi kaɗan. 'Yan'uwa mata kuma, a yi maganar karatunsu a fili tun wajen neman aure, kada sai takarda ta fito a fara jayayya. Asibitocinmu suna buƙatar likitoci mata, kuma akwai tallafin da aka keɓe wa mata masu kimiyya, kamar na gidauniyar Schlumberger ga masu digiri na uku.

Mai nema ya sa a ransa cewa ana iya ƙin sa a karon farko da na biyu. Mu ma sai a karo na uku muka dace. Kada a jingina ga ƙofa ɗaya, kuma kada a raina na gida da na Afirka: Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, alal misali, ta fi kusa da matsalar gonakinmu fiye da jami'o'i da yawa na Turai. Lokutan nema kuma a san su. Chevening takan buɗe a watan Agusta ta rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Commonwealth takan zo a wannan tsakanin, kuma ɗan Nijeriya yakan bi ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya da ke Abuja ko wata hukumar da aka amince ta gabatar da sunaye. Turkiyya ta saba buɗewa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Sharuɗɗa sukan canza shekara-shekara, don haka a karanta su a shafin masu bayarwa na intanet, kada a dogara da abin da aka turo a WhatsApp.

Muna ba shugabannin wannan zama shawara su buɗe littafi guda kafin a watse, kowane ɗalibi ya rubuta sunansa kamar yadda yake a NIN, da makarantarsa da ajinsa da jimillar makinsa ta yanzu. Waɗanda suka kai 3.50 a haɗa kowannensu da wani da ya riga ya bi wannan hanya. Waɗanda ke ajin farko kuma su tsaya bayan sallar La'asar, mu sake yin lissafin nan tare da takardun sakamakonsu a hannu.

Allah Ya sa albarka a karatunku, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.